Denounce: kalmar da ke nufin tir, kai tsegumi da kuma soke yarjejeniya

A daren 16 ga Maris 2024, Kanal Manjo Amadou Abdramane, kakakin majalisar mulkin sojin Nijar a lokacin, ya bayyana a gidan talabijin na ƙasa ya karanta sanarwa kan yarjejeniyar da ta ba sojojin Amurka damar zama a ƙasar. Da Faransanci ya yi magana, kuma kalmar da ta ɗauki nauyin sanarwar ita ce "dénoncer", wadda takwararta a Turanci ita ce "denounce". Duk wanda ya saba jin wannan kalma a labarai zai iya ɗauka cewa Nijar ta yi Allah wadai da yarjejeniyar ne kawai, kamar yadda ake Allah wadai da harin bam ko maguɗin zaɓe. Alhali soke ta aka yi. Zuwa tsakiyar Satumban shekarar, sojojin Amurka kimanin 1,000 sun kwashe kayansu daga Yamai da Agadez.

Ruɗanin yana da dalili. Kalmar tana da ma'anoni uku da ake amfani da su har yau, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ta tsaya a fatar baki, akwai wadda ke iya kai mutum kurkuku, akwai kuma wadda ke canza dokar da ke tsakanin ƙasashe. Dukkansu daga tushe guda suka fito, kuma sanin tushen ne ke sa a rarrabe su.

Daga ɗan aike zuwa zargi

A harshen Latin na Romawa, "nuntius" shi ne ɗan aike, mai kawo saƙo. Daga nan aka samu "nuntiare", wato isar da labari. Idan aka liƙa "de" a gabanta ta zama "denuntiare", sai saƙon ya ƙara nauyi, ya zama sanarwa ta hukuma wadda ake sauke wa mutum don kada gobe ya ce bai ji ba. Da ita ake sanar da mutum cewa za a kai shi ƙara, da ita ake kiran shaida, da ita kuma ake gargaɗin yaƙi. Kalmomin Turanci irin su "announce" da "pronounce" da "renounce" duk 'ya'yan gida ɗaya ne da ita, haka ma "nuncio", laƙabin jakadan Fafaroma a ƙasashen duniya.

Ta hanyar Faransanci ta shiga Ingila. Bayan da William na Normandy ya ci ƙasar da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na tsawon ƙarnuka, Latin kuma na coci da karatu. Shi ya sa yawancin kalmomin shari'a na Turanci ba 'yan asalin Ingila ba ne. Zuwa ƙarni na 14 an fara ganin "denounce" a rubuce-rubucen Turanci, kuma a lokacin ma'anarta ita ce yin shela, ko ta alheri ko ta sharri.

Wannan tsohuwar ma'ana ta daɗe ba ta mutu ba. A takardar ayyana 'yancin Amurka ta 1776, wadda Thomas Jefferson ya tsara, akwai wurin da aka ce larura ce "denounces our Separation". Ɗalibin yau zai karanta wannan ya zaci ana tir da rabuwa da Birtaniya, a cikin takardar da aka rubuta musamman domin a rabu. Abin da ake nufi shi ne larura ta yi shelar rabuwar.

To, yaya shela ta koma zargi? Abin da aka fi yin shelarsa ne ya rina kalmar. A cocin Turai na wancan zamani, idan aka fitar da mutum daga jama'ar masu ibada sai an sanar a bainar jama'a, domin kowa ya san matsayinsa. Sarakuna su ma suna shelar wanda ya ci amanar ƙasa. Da yake labarin da ke buƙatar irin wannan shela galibi mummuna ne, a hankali sai kalmar ta ɗauki ƙaurin abin da take ɗauke da shi. Wajen ƙarshen ƙarni na 15 ta fara nufin kai sunan mutum gaban hukuma, a ƙarni na 17 kuma ta kai ga ma'anar da aka fi sani yanzu, wato fitowa fili a ce wannan mutum ko wannan aiki mugu ne.

Tir a bainar jama'a, da kalmomin da ke maƙwabtaka da ita

Sharaɗin wannan ma'ana shi ne a yi a fili. Wanda ya ƙi abu a zuciyarsa, ko ya soki wani a cikin ɗaki, Bature ba zai ce ya yi "denounce" ba. Sai ya fito ya faɗa, ya kuma ɗauki alhakin faɗar. A Hausa mun fi fassara ta da yin tir ko Allah wadai, kuma fassarar ta dace. Matsalar ita ce kalmomin Turanci huɗu ko biyar ne ke faɗowa cikin wannan Allah wadai ɗaya, alhali masu rubuta sanarwar sun zaɓi kowace da gangan.

"Condemn" kalmar alƙali ce. Tushenta "damnum", wato asara ko tara, kuma har yau da ita ake cewa an yanke wa mutum hukuncin kisa, ko hukuma ta ce gini bai dace a zauna a ciki ba. Masu sayen tsoffin ƙarafa da ke yawo a titunan Legas suna kiran "iron condemn" wannan ma'ana suke riƙe da ita, wato abin da aka gama yanke wa hukunci. "Deplore" kuwa daga kuka ta fito, saboda haka takaici ne da baƙin ciki, ba lallai a nuna mai laifi da yatsa ba. "Decry" ta samo asali daga shelar da sarakunan Faransa kan yi na rage darajar wani kuɗi ko hana karɓarsa, kamar yadda babban banki ke sanar da ranar daina amfani da tsoffin takardun kuɗi, shi ya sa ma'anarta ta fi kusa da kushewa da rage wa abu ƙima. Sai "renounce", wadda ke nufin mutum ya bar abin da yake nasa, kamar sarauta ko zama ɗan ƙasa ko wata ƙungiya. Jaridun Turanci na Najeriya sukan rubuta cewa wasu matasa sun yi "denounce" ɗin ƙungiyar asiri, alhali abin da ya faru shi ne sun fita daga cikinta.

Bambancin ba na malaman harshe kaɗai ba ne. A ranar 25 ga Fabrairu 2022, kwana ɗaya bayan Rasha ta kutsa Ukraine, an gabatar da daftarin ƙuduri a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. A tattaunawar da aka yi kafin ƙuri'a an sassauta kalmar "condemns" zuwa "deplores" don kada wasu ƙasashe su juya baya. Rasha ta hau kujerar naƙi, Sin da Indiya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka ƙaurace. Ranar 2 ga Maris Babban Zauren Majalisar ya amince da ƙuduri mai ɗauke da kalmar mai sauƙin, ƙasashe 141 suka goyi baya, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Mai sauraron labarai da Hausa zai ji an yi Allah wadai, amma cinikin da aka yi a kan kalma ɗaya ba zai iso gare shi ba.

Ko irin wannan tir yana da amfani? Ya danganta da bakin da ya fito. Ranar 25 ga Fabrairu 1956, Nikita Khrushchev ya tsaya gaban wakilan jam'iyyar kwaminis ta Tarayyar Sobiyat a zaman sirri ya fallasa kashe-kashen da aka yi a zamanin Stalin, wanda ya mutu a 1953. Da yake mai maganar shi ke riƙe da mulki, sai jawabin ya zama sauyin manufa: aka ci gaba da sakin ɗimbin fursunonin siyasa, Poland da Hungary kuma suka rikice a cikin shekarar. Sanarwar da ma'aikatar harkokin waje ke fitarwa bayan kowane hari ba ta da irin wannan ƙarfi, kuma a dokance ba ta ɗora wa kowa komai.

Akwai kuma muhawara kan tilasta wa mutum ya yi tir. A watan Fabrairu 2008, a wata muhawarar masu neman takarar shugabancin Amurka a birnin Cleveland, an matsa wa Barack Obama lamba kan yabon da Louis Farrakhan, shugaban ƙungiyar Nation of Islam, ya yi masa. Obama ya ce ya riga ya yi tir da kalaman Farrakhan kan Yahudawa. Hillary Clinton ta ce yin tir daban, ƙin karɓar goyon baya daban. Obama ya amsa cewa bai ga bambanci ba, amma idan ana ganin ɗaya ta fi ƙarfi, to ya haɗa duka biyun. Musulmin Turai da Amurka sun san wannan matsin fiye da kowa, domin tun bayan harin 11 ga Satumba 2001 ake neman su fito su barranta duk lokacin da aka kai hari. Masu neman a yi haka suna cewa shirun shugabanni yana ba masu tsattsauran ra'ayi mafaka, kuma magana a fili tana kwantar da hankalin maƙwabta. Masu ƙi suna cewa neman ma kansa zargi ne, tunda yana nuna ana ɗaukar mutum da laifin da bai aikata ba har sai ya wanke kansa, kuma ba a yi wa sauran al'ummomi irin wannan tambaya.

Kai sunan mutum gaban hukuma

Ma'ana ta biyu ta fi tarihi mai nauyi. Idan aka ce an yi "denounce" ɗin wani ga 'yan sanda, ana nufin an tsegunta shi, an tona masa asiri wurin masu iko. Nan ba a buƙatar taron jama'a. Sau da yawa ma a ɓoye ake yi.

A tsohon tsarin shari'ar Turai, mai zargi shi ke ɗaukar nauyin tabbatarwa, idan ya gaza kuma hukuncin na iya komawa kansa. Wannan ya sa mutane ba sa kai ƙara da wasa, amma kuma ya sa masu ƙarfi suna tsira don babu mai ƙarfin halin tunkararsu. Babban taron coci da Fafaroma Innocent na Uku ya kira a Roma a 1215 ya tabbatar da wasu hanyoyi biyu bayan wannan: mutum ya sanar da hukuma bayan ya yi wa mai laifin nasiha bai ji ba, ko kuma alƙali ya buɗe bincike da kansa idan magana ta yi yawa a gari. An toshe wata ƙofa ta zalunci, aka buɗe wata, domin yanzu mai kai rahoto ba shi da abin da zai rasa sosai.

A birnin Venis na Italiya har yau ana iya ganin bakunan zaki da aka sassaƙa a jikin bango, har da na fadar shugaban birnin, inda mutane kan jefa takardar tsegumi ta faɗa cikin akwati a ɗaya ɓangaren. Hukumomin birnin sun san haɗarin abin, shi ya sa a ƙa'ida suke neman sa hannu da shaidu, sai dai idan maganar ta shafi tsaron ƙasa. Tun kafin su, wajen shekara ta 112, Sarkin Roma Trajan ya rubuta wa gwamnansa Pliny cewa kada ya yi aiki da takardun zargi marasa suna.

Ƙarni na 20 ya nuna abin da ke faruwa idan aka cire waɗannan shingaye. An daɗe ana ɗauka cewa 'yan sandan ciki na Hitler, wato Gestapo, suna da ido a kowane lungu. Masanin tarihi Robert Gellately ya bi takardunsu da suka tsira a birnin Würzburg ya gano ma'aikatan ba su da yawa, kuma kaso mai tsoka na bincikensu ya fara ne daga rahoton talakawa: maƙwabci, abokin aiki, wani lokaci ma ɗan gida. Da yawa daga masu kai rahoton ba aƙida ta tura su ba, gaba ce ta gida, ko kishi, ko kwaɗayin shago da ɗakin wani. A Jamus ta Gabas, lokacin da gwamnatin kwaminis ta faɗi a 1989, hukumar 'yan sandan ciki ta ƙasar, wato Stasi, tana da masu kai mata rahoto fiye da 170,000.

Amma ba kowane kai rahoto ne sharri ba, kuma nan ra'ayoyi suka rabu. Babu hukumar da za ta kama ɓarawon dukiyar jama'a idan duk wanda ya sani ya yi shiru. Shirin kwarmata bayanai da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a Disamba 2016 ya yi alkawarin ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato. Magoya bayansa suna ganin lada ne ke sa mutum ya ɗauki kasada, masu suka kuma suna cewa lada ba tare da cikakkiyar kariya da tantancewa ba yana jefa mai gaskiya cikin haɗari, yana kuma gayyato maƙaryaci. Faransanci ya ware kalma ta daban, "délation", ga tsegumin da aka yi don son rai, kuma dokar laifuka ta Faransa ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar Yuro 45,000 ga wanda ya kai rahoton da ya san ƙarya ne. Mai karatu Musulmi ya san wannan iyaka ta wata hanya: shaida wajibi ce, annamimanci haram ne, aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a yi aiki da shi, wanda kuma ya yi ƙazafin zina bai kawo shaidu huɗu ba bulala 80 ke kansa.

Idan yarjejeniya ce

Ma'ana ta uku ta fi kusa da asalin Latin, ko da yake ita ce ta zo daga baya. Ta kafu a Turanci a ƙarni na 19, lokacin da Faransanci yake harshen diflomasiyya. A nan babu zagi ko kaɗan. Ƙasa ce ke aika wa abokiyar yarjejeniyarta sanarwa a rubuce cewa daga rana kaza ba ta cikin wannan alkawari. Ƙasashen da ke ɗasawa da juna ma suna yin haka idan suna son sabunta sharuɗɗa.

Yawancin yarjejeniyoyi suna ɗauke da sashen da ya faɗi yadda ake fita da tsawon wa'adin. Idan babu, sashe na 56 na Yarjejeniyar Vienna ta 1969, wadda ta tsara dokokin yarjejeniyoyi tsakanin ƙasashe, ya ce ba a fita, sai in an tabbatar cewa masu ƙulla ta sun yi nufin a iya fita, ko yanayin yarjejeniyar ya nuna haka, kuma ko a nan sai an ba da sanarwar aƙalla wata 12. Koriya ta Arewa ta gwada ficewa daga yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa a 1997, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amsa mata cewa hakan ba zai yiwu ba sai dukkan sauran ƙasashen sun yarda, domin ba a tanadi ƙofar fita ba.

Taƙaddamar yankin Sahel ta tsaya ne kan tambayoyi biyu: wa ke da ikon ba da sanarwar, kuma yaushe take fara aiki. Ranar 3 ga Agusta 2023, kwanaki bayan kifar da Mohamed Bazoum, sojojin Nijar sun sanar da soke yarjejeniyoyin soji da Faransa. Faris ta ce halattacciyar gwamnati ce kaɗai za ta iya soke su, ita kuma ba ta amince da sojojin ba. Yamai ta ce wanda ke riƙe da ƙasa shi ke magana da sunanta, kuma babu sojan waje da zai zauna ba da yardarsa ba. Kowane ɓangare yana da abin kafa hujja a dokar ƙasa da ƙasa, amma yanayin da ake ciki a ƙasa ne ya raba gardamar: ranar 24 ga Satumba Emmanuel Macron ya sanar da janye sojoji kimanin 1,500, na ƙarshe suka tashi a Disamba. Mali ta riga ta bi wannan hanya a Mayu 2022, Burkina Faso a Janairu 2023, Cadi kuma ta biyo baya a Nuwamba 2024.

Abin da ke isa ga talaka

Sanarwar tir ba ta canza farashin komai a kasuwa. Tana iya zama share fage ga takunkumi ko yanke tallafi, kuma abin da ya kamata a duba ke nan, ko akwai matakin da aka ambata bayan kalmar. Idan babu, to matsayi ne kawai aka bayyana.

Idan rahoton ya ce an kai sunan wani ga hukuma, zargi ne tukuna, kuma wanda ya yaɗa shi a Facebook ko WhatsApp a matsayin tabbataccen laifi yana iya samun kansa cikin ƙarar ɓata suna. Wanda ake zargin kuma yana iya rasa aiki ko mutunci, wani lokaci ma rai, kafin alƙali ya ji ta bakinsa.

Soke yarjejeniya kuwa yana taɓa aljihu, ko da ba a ranar ba. A Disamba 2023 Mali da Nijar sun sanar da soke yarjejeniyoyin haraji da Faransa, bayan Burkina Faso ta yi haka a Agusta. Waɗannan su ne ke hana a karɓi haraji sau biyu kan kuɗin shiga ɗaya, saboda haka ma'aikaci ko ɗan fansho ko kamfanin da ke da ƙafa a ƙasashen biyu shi ne zai fara jin sauyin. Gwamnatocin sun ce tsarin ya daɗe yana rage musu kuɗin shiga, masu sukar matakin kuma sun ce zai iya sa masu zuba jari su ja da baya.

Haka ranar sanarwa ba ita ce ranar aiki ba. Mali da Burkina Faso da Nijar sun ce sun fice daga ECOWAS nan take ranar 28 ga Janairu 2024, ƙungiyar kuma ta tsaya kan sashe na 91 na yarjejeniyarta da ya tanadi shekara guda, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Ko a ranar, ECOWAS ta nemi ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu ɗauke da tambarinta, su kuma bar zirga-zirgar mutane da kaya yadda take har sai an cimma sabon tsari. Ga ɗan kasuwar da ke bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko Illela zuwa Ƙonni, wannan sanarwa ta biyu ce ta shafi motarsa da kayansa, kuma an bar sharuɗɗan da za su maye gurbinta ga tattaunawa tsakanin ƙungiyar da ƙasashen uku.